Ƙuduji Ya Biyo Geron Baba

Da Alhaji Sanda ya ga furen a gindin gero, dariya ya fara yi.

"Kai ma ka sami biza?" ya ce da shi, ya durƙusa ya fizge shi.

Ƙuduji ne. Ko cikin barci aka nuna masa zai gane shi: siririn kara, ganye sirara, fure ruwan hoda mai kyan gani, kamar ba shi ne ke tsotse gero ta ƙarƙashin ƙasa ba. Ya duba kunya ta gaba ya ga wasu, ta gaba ma haka. Ya tattara su a hannu, ya taka zuwa shingen waya, ya wurga su waje gefen titi. Haka aka koya masa tun yana yaro a Tungar Dargaza. Ba a barin ƙuduji cikin gona, a kan hanya ake zubar da shi, rana ta ƙona shi, ƙafar mutane da ta dabbobi ta tattake shi. Ya kaɗe hannu, ya sa rigar aiki, ya hau motar da yake kai marasa lafiya wankin ƙoda a cikin birnin Greensboro na Amurka. Bai sake tuna furen ba sai washegari da ya ga wasu sun fito, ya yi musu yadda ya yi wa na jiya.

Geron nan ba na kanti ba ne. Na Baba ne, mahaifinsa, gero mai dogon kai da gashi tsitsitsi wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. A zuwansa gida na ƙarshe kafin Baba ya rasu, tsohon ya ɗebo masa iri daga rumbu, ya cakuɗa shi da toka da rairayin gona don kada ƙwari su ci, ya cika masa gwangwanin madara. Sanda ya naɗe gwangwanin cikin babbar riga ya shigo da shi. Shekara da shekaru yana kwance a firizar Bebi, matarsa, tsakanin kaji da daddawa, domin a gidan hayar da suka zauna a gabashin Greensboro ko wurin shanya babu, balle wurin shuka.

Sai bara abubuwa biyu suka faru. Suka sayi gida mai fili a McLeansville, can bayan gari. 'Yan bindiga kuma suka shiga Tungar Dargaza suka ƙone rumbuna, ba su bar ko ɗaya ba. Yayansa Abdulmuhaimin ya gudo Gusau da iyali, suka rakuɓe a wani kango. Daga can ya kira shi.

"Ba'amurke, gwangwanin nan na Baba yana nan?"

"Yana nan, Yaya."

"To duk duniya kai kaɗai ka rage da shi. Ka shuka, ka tara mana iri. Ranar da muka koma gida, da shi za mu fara."

Tsohon iri ba ya tsira duka, Sanda ya san haka. Don haka da damina ta zauna ya juye gwangwanin gaba ɗaya cikin ramuka, da geron da tokar da rairayin, bai rage ko ƙwaya ba. Maƙwabcinsa Mista Elnathan, wani dattijo baƙar fata mai gonar masara a gangare, shi ya kawo injinsa ya kaftar masa filin, ya ƙi karɓar komai sai kofin fura da Bebi ta dama masa. Geron ya tsira fiye da yadda Sanda ya zata. Zuwa watan Agusta ya fi mutum tsayi, ya zubar da bununi, ya fara ɗaukar ido.

Ranar Asabar Salwa ta zo hutun ƙarshen mako. Ita ce 'yarsu tilo, tana karatun aikin gona a jami'ar da ke gabashin gari. Tana ajiye jaka idonta ya faɗa kan kofin gilashi a tsakiyar tebur, cike da furanni ruwan hoda.

"Mama, ina kika samo wannan?"

"Gonar babanki. Ya tara su zai zubar, na ce ba ni, wannan ai sai ɗakin amarya." Bebi 'yar cikin birnin Kano ce, ba ta taɓa riƙe fartanya ba, kuma ba ta ɓoye hakan.

Salwa ta ɗauki hoton furen da waya, ta jira, ta karanta abin da ya fito. Ta sake ɗauka daga wani gefen. Sannan ta ja kujera ta zauna.

Sanda ya shigo yana goge gumi da hula. "A'a, Farfesa ta iso. Zo ki ga gero, ki faɗa wa malamanku."

"Baba, ka san menene wannan?"

"Ƙuduji. Wasu su ce wuta-wuta. Kafin in san karatu na san shi."

"To gwamnatin ƙasar nan ma ta san shi." Muryarta ta yi ƙasa. "Haramun ne a shigo da shi. Akwai wani ɗan'uwansa da ya shigo gabashin jihar nan tun kafin a haife ka, har yau ba su gama da shi ba. Gonaki da yawa aka killace saboda shi. Idan suka ji akwai shi a nan, Baba, ba za su bar maka kara ɗaya a tsaye ba."

"Wa zai faɗa musu? Bebi?"

"Ni ko lambarsu ban sani ba," in ji Bebi, ta ɗauke kofin daga tebur a hankali kamar mai ɗauke da garwashi.

"A cikin rairayin nan ya zo," Salwa ta ce. "Irinsa kamar ƙura yake, yana iya shekara goma sha wani abu a kwance bai mutu ba. Yana jin saiwar gero ko masara ya farka."

"Duk abin da kike karantowa a waya, na gani da idona. Ana cirewa ne. Kullum da safe ina cirewa. Ki ba ni lokaci geron ya yi ƙwari, ko zuwa tumu ne, in yanke in ajiye iri. Bayan nan in suna so su zo da jirgin yaƙi su ƙone gonar."

Salwa ta ajiye wayar a kan tebur. Ta san labarin gwangwanin, ta san kangon Gusau, tana wurin lokacin da Baffa Abdulmuhaimin ya kira.

"To," ta ce. "Amma duk wanda ka cire a sa shi a leda a ɗaure. Waɗanda ka riga ka cire suna ina?"

"Na zubar a bakin titi."

Ta ɗago kai. "A ina?"

"Bayan shingen waya. Rana ta cinye su tuni."

Ba ta tsaya sa takalmi ba, silifas ɗin Bebi ta zura ta fita. Sanda ya bi ta yana mita.

A McLeansville ba mai tafiya a ƙafa, kowa mota. Abin da Sanda yake kira bakin titi kwalbati ce mai ciyawa, tana ƙarƙashin inuwar itatuwa, ƙasarta a jiƙe. Ba rana, ba ƙafa. Ƙudujin da ya zubar bai ƙone ba, kwanciya ya yi a danshi ya ƙarasa nuna. Furannin sun zube, ƙananan kwasfa sun fito a madadinsu, da yawa sun riga sun tsage. Salwa ta tsinki ɗaya ta murza a tafin hannu, ta miƙa masa. Wani baƙin gari ya kwanta a layin tafinta kamar kwalli.

"Wannan kwasfa ɗaya ce, Baba."

Ta bi kwalbatin da ido. Shi ma ya bi. Ruwan da aka yi ranar Alhamis ya kwantar da ciyawa zuwa gangare, ya kwashi busassun karare ya watsa su a hanya, har inda kwalbatin ta huda ƙarƙashin shinge ta buɗe baki cikin gonar masarar Mista Elnathan. Can ƙasa suna hango dattijon a kan taraktarsa. Ya ɗaga musu hula. Sanda ya ɗaga hannu, hannun ya yi masa nauyi.

Ya san abin da yake kallo. Akwai wata gonar kawunsa a gida da ƙuduji ya ci har aka daina shuka ta, aka bar wa awaki. Yana yaro lokacin, amma yana tuna yadda take ja da fure kamar an shimfiɗa atamfa, da yadda kawun ya zauna a kan iyaka ya rafka tagumi.

"Za mu tsince su," ya ce.

"Za ka tsince ƙura?"

"Salwa."

"An ce ranar Laraba akwai ruwa mai yawa, ragowar guguwar nan ta teku. Duk abin da ya rage a nan zai gangara wurinsa. Daga gonarsa rafi ne. Baba, please."

Idan ranta ya ɓaci Turanci ke zuwa mata, shi kuma idan nasa ya ɓaci Hausarsa ta ƙauye ke dawowa. Suka koma gida kowa na magana da nasa harshen. Bebi ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Mutumin nan shi ya gyara maka gonar," Salwa ta ce. "Masarar nan ita yake kaiwa kasuwar manoma."

"Yayana yana kwana a kangon da ba ƙofa. Abu ɗaya ya roƙe ni tun da nake a ƙasar nan. Bai ce in turo mota ba, bai ce in ɗauki ɗansa ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ke a asibitin garin nan aka haife ki. Kakanki sau nawa kika gan shi?"

Ta haɗiye wannan. "Idan ba ka kira su ba, ni zan kira."

Sanda ya tsaya cak. "Idan kika kira su, wallahi ni ban..."

"Alhaji," in ji Bebi, ta buga ludayin a jikin ƙofa. "Kada ka ƙarasa. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu."

Bai ƙarasa ba. Ya ɗauki ledar shara ya fita, ya shiga kwalbatin da gwiwoyinsa yana tsintar karare har rana ta yi sanyi. Duk wanda ya taɓa sai ya ga baƙin garin ya tashi. Ranar Lahadi Salwa ta koma makaranta ba su yi sallama ba.

Ranar Litinin da rana yana ajiye wata tsohuwa a ƙofar asibiti wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga Salwa: ta kira, za su zo gobe da safe, ya yi haƙuri.

Ya idar da sallar asuba ranar Talata ya ɗauki wuƙar kicin ya shiga gona. Ya zaɓi kawunan da suka fi girma, ya matsa ƙwaya ɗaya da farce. Farin ruwa ya fito kamar madara. Ya sani sarai bai nuna ba. Duk da haka ya yanke abin da hannunsa zai iya riƙewa, ya naɗe cikin tsohuwar darduma, ya tura saman wadrob. Bebi tana kwance tana kallonsa.

"Ban ga komai ba," ta ce, ta juya bango.

Farar mota mai tambarin ma'aikatar gona ta jiha ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Mace ce ta fara fitowa, mai furfura da dogon takalmin roba, sai maza biyu. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi yadda ake faɗin sunansa, ta faɗa daidai. Ta durƙusa a gindin gero ta daɗe tana kallon furen.

"A littafi kawai na taɓa ganin irin wannan," ta ce. "Namu na gabas ja ne, ƙarami. Wannan ya fi shi girma. Daga ina irin ya zo?"

Ya faɗa mata. Baba, rumbu, toka, rairayi, firiza. Bai ga amfanin ƙarya ba tunda ga furen a tsaye. Ta rubuta, ba ta ɗaga murya ba, ba ta zare ido ba. Da ta yi hakan da ya fi masa sauƙi. Ta ce a nuna mata inda aka zubar da na farko. Da ta ga kwalbatin, ta bi ta da ido har gangare, sai ta cire tabarau ta murza ido, ta koma mota ta yi waya mai tsawo.

Kafin azahar motoci sun ƙaru, har da na gwamnatin tarayya. Aka kafa ƙananan tutoci ruwan lemo tun daga shingensa har cikin masarar Mista Elnathan. Mutane suka sa fararen riguna masu rufe har kai.

"Ga 'yan sama-jannati sun sauka a gonarka," Bebi ta ce ta taga. Ba wanda ya yi dariya, har ita.

Matar ta dawo ta same shi a bakin gona ta yi masa bayani. Za a yanke geron duka a zuba a buhu a kai inda za a ƙone. Za a kwashe saman ƙasar kwalbatin kafin ruwan gobe. Za a rufe filinsa, ba shuka gero, ba dawa, ba masara, kuma za su riƙa zuwa dubawa duk damina har sai sun tabbata ba abin da ya rage a ƙasa. Ya tambaya har yaushe. Ta ce shekaru, ba za ta iya faɗin adadi ba.

"Ku bar mini kunya ɗaya," ya ce. "Ta ƙarshen can, ba fure a cikinta. Kwana kaɗan ya rage ya nuna. Ku sa ɗan sanda ya tsare ta in kuna so."

"Ba zan iya ba."

"Madam, wannan gero babu shi a ko'ina. An ƙone garinmu."

Ya ga maganar ta shige ta, ya kuma ga ba za ta canza komai ba.

"'Yarka ta faɗa mini," ta ce. "Na tambayi na sama da ni tun jiya, na sake tambaya yanzu. Irin bai shigo ta hanyar da ake dubawa ba, ba mu san me kuma ya ɗauko ba. Ba abin da zai fita daga filin nan sai a buhu. Na yi baƙin ciki ƙwarai."

"Ko kan gero ɗaya?"

"Ko ɗaya. Akwai ragowar irin a cikin gida?"

"Na shuka duka."

Ta nemi gwangwanin. Bebi ta kawo shi, babu komai ciki sai shafin toka a gindi. Aka sa shi a leda aka liƙe baki.

Bai shiga gida ba lokacin da suka fara yanka. Ya tsaya ya kalla. A gida in za a girbe gero sai an kwantar da shi ya sha rana, a bi da magirbi ana yanke kai, yara na gasa tumu a gefe. Waɗannan da almakashi babba suka zo, suna datse kara daga gindi suna lanƙwasa shi biyu don ya shiga buhu. Aikinsu tsaf, ba wanda ya yi wasa. Kafin la'asar filin ya koma fili. Suka fesa magani, suka shimfiɗa baƙar leda mai kauri, suka danne gefenta da ƙasa. Aka wanke takalman kowa a bakin ƙofa, har nasa.

Yana nan tsaye Mista Elnathan ya hau gangaren a ƙafa, yana jan ƙafa ɗaya. Ya tsaya a ɗaya gefen shingen. Ya daɗe yana kallon baƙar ledar.

"Sun ce ɓangaren ƙasa na gonata ya shiga," ya ce. "Ba masara a wurin sai sun ce a shuka. Taraktata ma sai an wanke kafin ta fita."

"Mista Elnathan, ban san zai gangara ba. A garinmu..."

"'Yarka ta zo wurina ranar Lahadi kafin ta tafi. Ta nuna mini abin a hannunta." Ya gyara hula. "Kakana ya sayi filin nan lokacin da ba a son sayar wa irinmu ƙasa. Tun daga shi ba shekarar da ba a shuka masara a gangaren can ba. Ni kuma ban san shekara nawa suka rage mini ba."

Sanda ya dafa shingen.

"Ka san shi tun a can?" dattijon ya tambaya. "Ka san abin da yake yi?"

"Na sani."

Mista Elnathan ya gyaɗa kai, ya juya ya gangara. Daga ranar idan ya wuce a mota yana kallon gabansa ne.

Ranar Laraba ruwan ya zo kamar yadda aka faɗa. Ya kwana biyu yana bugun baƙar ledar, ƙararsa har cikin ɗaki.

Da gari ya washe Sanda ya sauko da dardumar. Ya jera kawunan a kan faranti a tagar ɗakin baya inda rana ke shiga, ya ja labulen da ke kallon titi. Kullum ya dawo aiki sai ya je ya juya su. Ya daina zuwa hirar bayan sallar Juma'a, domin labari ya riga shi isa masallaci, wani ma har ya tambaye shi ko da gaske ne jirgi mai saukar ungulu aka kawo. Yaya ya kira sau biyu, bai ɗauka ba. Salwa ba ta zo ba. Tana kiran Bebi, Bebi ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta fito da jan ido ta ce albasa ce.

Wata Asabar cikin watan Satumba yana zaune a ɗakin baya da farantin a cinya, yana murza kai ɗaya tsakanin tafukansa, sai ya ji an tsaya a ƙofa. Bai ɗago ba. Ya san tsayuwarta.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya."

Ta ga farantin, ta ga gashin geron a warwatse a kan wandonsa. Ya jira ta ce wani abu game da doka. Ya ma shirya amsa.

"Ba ni," ta ce.

"Ki kai musu?"

"Ba ni, Baba."

Ya miƙa mata. Ta kai kicin, ta murje kawunan duka a cikin roba, ta tace ƙwayoyin a rariya, ta wanke su, ta sake wankewa. Ruwan wankin ta zuba a tukunya ta tafasa. Ƙaiƙayin da soshiyar ta zuba a wata tsohuwar tukunya ta ƙone a bayan gida, ta tsaya a kai har ya zama toka. Abin da ya rage a rariyar bai cika cokali biyu ba, ƙwayoyi a motse, fari-fari, wasu kamar ɓawo kawai. Ta jiƙa takardar goge hannu ta shimfiɗa a faranti, ta jera su layi-layi da tsinken sakace, ta rufe da wata takardar, ta ɗora a saman firij inda ke da ɗumi.

"Idan akwai mai rai a ciki, zai nuna cikin mako," ta ce. "Ko guda biyar ne, zan nemi yadda za a yi ta hanyar da ta dace. Akwai malaminmu da zan iya tambaya."

"Farfesa," ya ce, amma muryar ba ta fito yadda ya so ba.

Ba ta koma makaranta ta kwana ba a makon, daga gida take tafiya. Kowace safiya su biyu suke tsayawa gaban firij, ita ta ɗaga takardar, shi ya sa tabarau. Rana ta uku ya ga wani farin abu a jikin ƙwaya ɗaya, ya kira Bebi da ƙarfi. Salwa ta duba da kyau, ta ce fumfuna ce. Zuwa ƙarshen mako fumfunar ta rufe farantin, ya fara wari. Ba wadda ta tsaga.

"Mu ƙara musu kwana biyu," in ji Salwa.

"A'a." Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya matsa, ta narke a yatsansa. "Madara ce na yanka. Tun a gona na sani."

Ta jingina da firij ta rufe fuska da hannu. Bai rarrashe ta ba, bai kuma tafi ba. Bebi ta ɗauke farantin ta juye a tukunyar da aka yi ƙona.

Washegari Lahadi da hantsi waya ta yi ƙara. Yaya ne. Sanda ya fita da ita bayan gida ya tsaya a bakin baƙar ledar, wadda ruwa ya taru a kanta tafki-tafki, ga allon ma'aikatar gona a jikin shinge.

"Ba'amurke, ka ɓuya. Ko geron ne ya yi yawa ka rasa inda za ka zuba?" Muryar Yaya a sake take, ana jin yara da ƙarar babur a bayansa. "Albishirinka. An kawo sojoji Tungar Dargaza, an ce kafin damina kowa ya koma. Jiya na je na gano gonar Baba. Ta yi ciyawa, amma tana nan. Na faɗa wa mutane akwai iri a Amurka, har Liman ya ce a sa shi a layi."

Sanda ya kalli baƙar ledar.

"Kana ji na?"

"Ina ji, Yaya. Babu geron."

"Bai tsira ba?"

"Ya tsira. Ya fi ni tsayi." Ya faɗa masa duka, da ƙudujin, da kwalbatin, da masu fararen riguna. Bai ambaci Salwa ba.

Sanda ya duba wayar ko ta katse.

"Saboda ƙuduji?" Yaya ya ce daga baya. "Ƙudujin da muke cirewa da hannu?"

"Shi."

"Ba ka rage ko kaɗan a gwangwanin ba?"

"Na juye duka."

Can a bayansa wata mata tana kiran yaro ya zo ya ci abinci.

"To," in ji Yaya. Muryar ta koma ta mutumin da ya saba rasa abu. "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Za mu sayi na kasuwa. Ka gaida Bebi da 'yar tawa."

Wayar ta mutu. Sanda ya tsaya da ita a hannu. Can gangare Mista Elnathan yana bin layin tutocin nan ruwan lemo a hankali, kansa a sunkuye, yana duba ƙasa.